Injin Lori a Cikin Bokis

A shekarar da yaƙi ya iso yankinmu na Jazira a Sudan, abu na farko da mutanen ƙauyenmu suka koya shi ne cire inji daga mota. Masu bindiga ba sa barin mota mai tashi. Duk mai bokis, wato a-kori-kura, ko lori sai ya kira ƙanena, wanda shi ne bakaniken ƙauyen, ya kwance masa inji a ɓoye ƙarƙashin karan dawa, a bar gangar jikin a ƙofar gida. Ni manomi ne, ban san kan ƙarfe ba, amma ina da ƙarfi. Ni nake ja masa sarƙar balanko, wadda ake rataya wa a kan sanduna uku a ɗaga inji da ita.

Wata rana da hantsi masu bindigar suka shigo, su bakwai, mota ɗaya tana jan ɗaya. Wadda ake ja ɗin bokis ce da babbar bindiga a bayanta, injinta ya buga. Suka tsaya a ƙofar garejin ƙanena. Shugabansu, wani siriri mai jan rawani, ya ce da Larabci yana son motarsa ta tashi kafin gobe.

Ƙanena ya leƙa ya ce injin ya gama aiki, sai dai a sa wani, kuma babu wani a garin.

Ba su yarda ba. Suka bazu gida gida. Maƙwabcinmu, dattijon da muke kira Baba, yana da tsohuwar lori da ya yi shekaru yana kai albasa garin Hasahisa da ita. Ɗigon baƙin mai ne ya tona shi, tun daga lorin har bayan rumbu. Suka yaye karan, ga inji kwance. Baba ya fito da gudu ba hula, ya kife a kansa yana cewa da shi yake ci da iyali. Sau biyu suka ce ya tashi. A na uku suka harbe shi a baya. Ni da ƙanena aka sa mu janye shi daga kan injin, jininsa yana bin ƙarfen. Matarsa tana ihu a cikin gida, mata sun riƙe ta.

Mai rawanin ya nuna injin da baki, ya kira ƙanena da sunan da ake kiran bakanike a can, ya ce, "Wannan za ka sa, usta."

Ƙanena ya faɗa masa gaskiya. Ya ce injin bokis bai kai nauyin buhun dawa biyu ba, wannan kuwa na gas ne, zubin baƙin ƙarfe, ya haura buhu huɗu, ban da giyarsa. Ya ce ƙafafun gaba ba za su ɗauka ba, sitiyari zai yi tauri, birki ba zai riƙe ba.

Bai rufe baki ba aka sa masa gindin bindiga a fuska. Haƙoransa biyu suka faɗi a ƙasa. Na yunƙura, wani ya ɗora mini bakin bindiga a wuya.

Ƙanena ya tofar da jini ya ce mini da Hausa, "Yaya, bari. Kamo sarƙa."

Sandunanmu na ƙananan injuna ne, mun sani. Na ja, injin ya tashi da ƙyar, sandunan suna kuka. Ya kai saitin motar, ƙanena ya sa hannu yana daidaita shi, sai sanda ɗaya ta lanƙwashe. Injin ya sauko ya danne masa hannun hagu a jikin shasi, ƙarfen da inji ke zama a kai. Ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irin wannan ƙarar ba. Sai da mu huɗu, har da biyu daga cikinsu, muka sa ƙarfe muka ɗaga kafin ya zare hannun. Yatsu uku sun niƙe.

Na yaga rigata na ɗaure masa. Na ɗauka shi ke nan. Mai rawanin ya ce ai yana da hannu guda da baki. Aka zaunar da ƙanena a kan taya, yana faɗa ina yi. Na yanka inda ya ce in yanka, na ɗaure inda ya ce in ɗaure, shi ya yi waldar da hannun dama ina riƙe masa ƙarfen. Sau biyu yana suma suna watsa masa ruwa. Ba su bari mun je jana'izar Baba ba.

Washegari da la'asar motar ta tashi. Gabanta ya duƙa har taya na gogar jiki, bayanta ya ɗage. Suka yi ta harbi sama don murna, suka tafi.

Ba su yi nisa ba. A kwanar gadar babbar tur'a, inda ruwan noma ke wucewa, suka shiga da gudu, motar ta ƙi juyawa, ta kifa cikin ruwa. Wani makiyayi ne ya kawo labarin, ya ce ya ga ana ciro mutum biyu ba sa motsi.

Mun san abin da zai biyo baya. Kafin magariba muka ɗora mata da yara da matar Baba a keken jaki, ƙanena a kwance tsakaninsu yana zazzaɓi, muka bi ta cikin gonaki zuwa kudu. Daga nesa muka hango hayaƙi, garejin da gidaje huɗu suka ƙona. Kwana uku muka yi kafin mu kai Sinnar, a can aka yanke masa yatsun. Yanzu muna Damazin wajen dangin mahaifiyarmu. Yana gyaran injin ban ruwa da hannu ɗaya da rabi, ni kuma ina noma a gonar wani.