Foldar Gwajin Malam

Yau da safe sabon ma'aikacinmu ya sauko da wani laburare, irin guntun aikin nan da manhajoji ke jingina da shi, ya girka shi kai tsaye a kwamfutar ofishinmu ɗaya tilo a Gaya. Ko gwadawa bai yi ba. Nan take manhajar da ke tura wa manoman Kademi da Toranke saƙon hasashen ruwa ta tsaya cak, ga shi shuka ake jira. Na tambaye shi ina foldar gwajin Malam, ya ce, "Oga, ai na goge, tarkace ne."

Tarkace! Har yanzu raina tafasa yake.

Marigayi Malam, wanda ya koya mini aikin nan, bai taɓa sakin sabon laburare kai tsaye cikin kwamfutar ba. A foldarsa, wani wuri da ya keɓe a cikin kwamfutar, yake harhaɗa shi, a can yake gwada shi, yana tauna goro har sakamako ya fito. Wata rana janareta na ta turnuƙe mu da hayaƙi, na ce, "Malam, mu girka kawai mana." Ya ɗora yatsansa mai jan goro a kan allon ya ce, "Ɗana, idan zai fashe, ya fashe a ɗakina, ba a gonar mutane ba."

Allah Ya haskaka kabarinka, Malam. Ni kuma Ya ara mini haƙurinka, domin yau nawa ya ƙare.