Harin da na kai don a cinye ni

Shekarun baya, lokacin ina tsaron shagon kawuna na taki da iri da maganin feshi a kasuwar Birnin Kudu, akwai wani wasan yaƙi da muka ɗora wa kanmu a waya. Wasu cikinku sun sha tambayata abin da ya sa na daina shi alhali na taɓa cin gasa. Yau ga amsar, sai dai ba mai daɗin ji ba ce.

Wasan taswirar duniya ce a shimfiɗe, an yanka ta ƙasa-ƙasa. Mutum shida ke bugawa, kowa daga garinsu, kowa da launin sojojinsa. In zagaye ya zo kanka, a ƙara maka sojoji gwargwadon faɗin ƙasar da ka riƙe, ka jera su inda kake so, ka kai wa maƙwabci hari in ka ga dama. Amma a kowane karo dayis ne ke raba gardama, irin na ludo. Wayar ta jefa maka, ta jefa wa wanda ka kai wa hari, mai ƙaramar lamba ya rasa soja. Wanda ya share kowa daga taswirar shi ya ci. Ba a sa ko sisi. Kuma saboda sabis ɗinmu da kowa ya san halinsa, akan ba mutum wuni guda ya yi nasa motsin, don haka wasa ɗaya sai ya ja kwanaki. Kawuna ludon ƙattai yake ce masa.

Abokina ne ya koya mini. Tare muka yi sakandare, shi mutumin Gwaram ne, manomi, kuma ban taɓa ganin mai haƙurin lissafi irinsa ba. In ya kama kusurwa ɗaya ta taswirar, sai ya toshe ƙofofinta ya zauna kamar mai jiran tuwo ya huce. Ba ya kai hari sai sojojinsa sun ninka na gabansa. Ya san halin kowa a zaurenmu na 'yan wasa da ke waya: ya san wanda in an taɓa shi sai ya rama ko zai ƙare, ya san wanda ba ya iya ganin ƙasa ba tsaro ya kau da kai. Ni kuwa tunkuyi kawai na iya. Duk abin da ya tsaya a gabana sai in sa masa kai, in an dace in wuce, in ba a dace ba in koma kallo. Abin haushin, ana yawan dacewa.

Ba kalmar da abokina ya tsana kamar sa'a. In wani ya faɗi a zaure ya ce dayis ne ya ƙi shi, sai ya zauna ya warware masa wasan tun daga farko, ya nuna masa inda ya bar baya a buɗe. Yakan ce dayis yana iya zaluntar mutum sau ɗaya ko sau biyu, amma ba zai yi ta zaluntar mai lissafi har ƙarshen wasa ba. Mu muna ɗauka tsabar son wasa ne. Sai daga baya na gane ba da mu yake gardamar ba.

Gonar da ya gada daga mahaifinsa ce ke wahalar da shi. Shekarar farko ya zuba shinkafa a gefen fadama, ta yi kyau har mutane na tsayawa kallo, ana gab da yanka ruwa ya zo ya kwanta mata. Da shekara ta zagayo ya koma ɓangaren tudu, ya nemi shawarar malamin gona, ya zo shagonmu ya zaɓi iri mai saurin nuna, sai ruwan ya ɗauke ana tsakiyar damina. Ya ce to bari ya gwada noman rani, ya yi tumatir, tsutsa ta cinye shi a tsaye. Duk abin da ake cewa manomi ya yi, ya yi. Maƙwabtansa da ke watsa iri su tafi hira, su dai ba sa rasa na kaiwa rumbu. A hankali aka fara cewa a gari yaron kirki ne, ga ƙoƙari, sa'a ce dai ba shi da ita. Da tausayi ake faɗa, kuma tausayin ya fi zagi yi masa ciwo.

Wata rana da bazara mahaifiyarsa ta zo babban asibiti awon hawan jini, ta biyo ta shago. Na ba ta benci, na aika a sayo mata ruwa mai sanyi, ta riƙe shi a hannu ba ta sha ba. Shi ne ɗanta na fari, don haka ko sunansa ba ta faɗa, balle ta zaunar da shi ta nuna masa tana son sa kusa da ita. Mahaifinsa ya rasu, ƙannensa mata duk sun yi aure, daga ita sai shi a gidan.

Ta ce, "Abokin nan naka yana zancen jinginar da gona ya tafi can Kudancin ƙasar nan. Ka san ni bakina ba zai iya ba. Kai ka yi masa magana, ɗan nan."

Na ce, "In sha Allahu, Inna, ba inda za shi." Da ƙarfin gwiwa na faɗa, kamar wanda aka taɓa jin shawararsa.

Ranar Juma'a na hau mota zuwa Gwaram. Na same shi a gonar, zaune a gindin ɗorawa da waya a hannu. Kowa ya yi sharar gona yana jiran ruwa, tasa ko kara ba a ɗauke ba. Na yi ta kewaye-kewaye, na kawo zancen tsadar rayuwa a Kudu, na kawo zancen ciwon Inna. Ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya ce in bari a ƙare gasa tukuna. A lokacin ana tsakiyar babbar gasar zaurenmu, wadda ake tankaɗe 'yan wasa har a fitar da shida na ƙarshe.

Ya ce, "In na ci wannan, na san kaina bai lalace ba, lissafi yana aiki. Sai in ƙara gwada damina ɗaya. In kuma nan ɗin ma abin ya ƙi..." Bai ƙarasa ba, ya ci gaba da kallon wayarsa.

Na so in yi dariya, a ce mutum ya rataya gonar gado a wuyan ludon ƙattai. Da na dubi fuskarsa sai dariyar ta koma ciki. Wasan nan ne kaɗai wurin da ya rage masa inda in ya yi daidai yake ganin sakamakon daidai.

Ya kai zagayen ƙarshe ba da wahala ba. Ni ma na kai, kuma kar ku tambaye ni ta yaya, don ni kaina ban sani ba. Aka fara, ya kama kusurwarsa ya toshe, sauran huɗun suka yi ta cin junansu ina taya su, har taswirar ta rage daga ni sai shi. Ya fi ni ƙasa, ya fi ni sojoji. Yankinsa ƙofa ɗaya gare shi ta ɓangarena, nan ya tara kusan duk rundunarsa, ƙasashen da ke bayanta kuwa soja ɗai-ɗai ya bari. Haka duk gwani zai yi, domin ba mai hankalin da zai tunkari wannan ƙofa. Da na bar wasan ya tafi yadda yake tafiya, a hankali zai matse ni har in ƙare.

Amma sai tsoro ya kama ni. Na san hannuna, na san yadda dayis ke yi mini gata ba gaira ba dalili, na ce kar wasan ya yi tsawo wani abu ya gitta. Gara in gama da kaina da wuri. In na ƙi motsi, zai gane tausayinsa nake ji, kuma ba zai yafe mini ba. In kuwa na kwashi sojojina na kai wa ƙofar hari suka ƙare a can, ba wanda zai yi mamaki, kowa zai ce halin nasa ne. A raina har ina yaba wa kaina, yau ni ma na yi lissafi.

Bayan azahar ne, kasuwa ta yi sanyi, ina zaune a kan buhun taki. Sojojina ba su kai rabin nasa ba. Na danna hari. Dayis ya ba ni shida da shida, nasa biyu suka faɗi. Na ce ba komai, somin-taɓi ne. Na sake dannawa, nasa suka sake faɗuwa. Na ci gaba da dannawa ina jiran a fara kashe nawa, ana kashe mini ɗaya ana kashe masa uku. Tun ina murmushi har gumi ya karyo mini. 'Yan zaure suna kallo kai tsaye, saƙonni suna ta shigowa, ni kuwa ina roƙon Allah a zuci ya ba ni ƙaramar lamba. Ban taɓa jin wanda ya yi irin wannan addu'a ba, kuma ba a karɓa ba. Ƙofar ta faɗi, ina da ragowar sojoji, gabana fili fetal.

A nan ba halin tsayawa. Ko yaron goye ya san abin da ake yi in ƙofa ta buɗe, in na ja da baya shi zai fara ganewa. Na shiga ina cin ƙasashensa ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsinke wake. Da yankin ya fashe, ƙarin sojojin da yake samu ya yanke. Ya yi iya yinsa, ya ja wasan 'yan kwanaki da dabarun da har yau ban fahimce su ba, amma abin ya riga ya lalace. Aka ce na ci gasa. A zaure har janar aka riƙa ce mini.

Ranar kasuwa sai ga shi a shago. Muka gaisa, ya yi mini murna, ya zauna. Can ya fito da wayarsa ya buɗe hoton taswirar kamar yadda take kafin harin.

Ya ce, "Mutumina, tsakaninka da Allah, me ka gani a ƙofar nan? Na juya ta ta kowace fuska ban ga ɓaraka ba. Akwai abin da ka hango wanda ni ban hango ba?"

Ba da fushi ya yi tambayar ba, da fata ya yi ta. So yake in nuna masa kuskurensa, domin kuskure ana gyara shi a sake gwadawa. Na nemi ƙaryar da zan ƙulla na rasa, don duk dabarar da zan ƙirƙiro kafin in rufe baki zai warware ta. Gaskiyar kuma ba ta faɗuwa, ba zan iya ce masa na yi niyyar ba shi wasan sadaka ba. Sai bakina ya faɗi abin da aka koya mana mu faɗa in an yabe mu, don kar a ce muna da girman kai.

Na ce, "Wallahi ban ga komai ba. Sa'a ce kawai."

Ya gyaɗa kai a hankali ya mayar da wayar aljihu. Ya ce ya sani, so yake dai ya ji daga bakina. Har ya taya ni ɗora wa wani mai saye buhu a kan babur kafin ya tafi.

Kafin ruwan farko ya jinginar da gonar ga wani maƙwabcinsu. Ni na raka shi tasha. Mahaifiyarsa ba ta fito ba, ƙullin ƙuli-ƙuli ta bayar a miƙa masa, ta ce a ce masa Allah ya tsare hanya.

Daminar da ta biyo baya ban taɓa ganin mai kyawunta ba. Ruwa ya sauka a kan lokaci, ya ɗauke a kan lokaci. Maƙwabcin nan a shagonmu ya sayi iri mafi araha, ya yi shuka a makare, noma ɗaya ya yi wa gonar. Riɗin da ta yi sai da aka riƙa zuwa kallo daga wasu unguwanni. Da na je gaishe da Inna bayan kaka, ba ta yi mini ƙorafin alkawarin da na kasa cikawa ba. Abu ɗaya ta roƙe ni, in ya kira ya tambayi gonar in ce ba ta yi ba. Ta ce ita ma haka ta sa aka gaya masa.

Ya kuwa kira. Ya tambayi kawuna, ya tambayi kasuwa, ya ba ni labarin rumfar albasar da yake yi wa wani Alhaji tsaro. Sai da muka kusa sallama ya ce, "Gonar fa?"

Na ce, "Ba ta yi ba. Ruwa ya kwanta mata kamar waccan shekarar."

Na ji ya sauke dogon numfashi. Ya ce, "To, ashe ba ni ba ne." Rabon da in ji muryarsa da sauƙi haka har na manta, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Yanzu ya zauna a can, ya yi aure, yana da rumfarsa. Yakan zo da Sallah. Inna ta koma gidan 'yarta a Wurno. Na tabbata tuni ya ji gaskiyar riɗin nan, don garinsu ba a ɓoye magana, amma bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban taɓa ba. Wasan kuwa tun a wancan makon na goge shi daga wayata.

In na ga matasa suna gardama a nan kan ko iyawa ce ko sa'a, nakan karanta in wuce. Ni na san abokina yana da gaskiya. Da za a maimaita wasan nan sau ɗari, da wuya in ci biyu. Sai dai ba a ba shi ɗari ba, ɗaya aka ba shi, kamar yadda damina ma ɗaya ake ba manomi a shekara. Na yarda abin da Allah ya rubuta ba ya kuskure, kuma da wannan nake lallashin kaina. Amma har yau in na bi ta hanyar Gwaram da kaka na hango gonar, sai zuciyata ta yi nauyi. Da na zauna na yi wasana na wauta kamar yadda na saba, ban ce zan taimake shi ba, da ya cinye ni da hannunsa, kuma da shi ya girbe riɗin nan.