Ɗakin Gorunan Babayo

A wani ƙauyen masunta da ke bakin kogi kusa da Gashuwa, idan mutum ya rasu ba a sake shiga ruwa da goransa. Babban goran nan da masunci ke kifa ciki a kai yana su, Babayo ake kai wa, ya rataye shi a dogon ɗakin da ya gada wurin mahaifinsa. Ɗakin nan shi ne tarihin garin. Babayo zai gaya maka mai kowane gora, da ubansa, da tafkin da gidansu ke kamun kifi, da shekarar da yunwa ko annoba ta ɗauke shi. Rigimar tafki ba ta wuce ƙofarsa.

Bisa al'ada ɗa namiji ake koya wa sunayen. Ɗansa Modu kuwa, tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru ya tafi dakon gyaɗa, sai dai gaisuwa a bakin fatake. 'Yarsa Sabuwa, wadda ke share ɗakin tana kaɗe wa gorunan ƙura, ta roƙe shi har ta gaji.

"Baba, ka riƙa faɗa mini ko ɗaya-ɗaya ne, in riƙe wa Yaya."

"Modu na tafe," in ji shi. Har kansa ya yi fari fat bai sauya wannan amsa ba. Wajen taurin kai, Babayo ya haɗa rabonsa da na maƙwabta.

Da idanunsa suka mutu bai damu ba, don da ma da gurbi ya san gorunan. Daga bakin ƙofa zuwa ƙurya, kowane mamaci da inda yake rataye.

Wata damina, bayan an gama yaƙin duniya na biyu, kogi ya ɓalle da hantsi. Jiragen ruwan garin suka kasa kwashe kowa. Mutane suka yi cirko-cirko a ƙofar ɗakin, ruwa iya gwiwa, yara a kafaɗa, an rasa mai furtawa. Babayo ya ji kukan jarirai, ya ce a sauke gorunan a tsira a kansu. Ya tsaya yana kiran sunayen bi da bi, amma kowa ta kansa yake yi.

Da ruwa ya janye aka tsinto waɗanda aka samu, aka tara su tsibi guda a tsakar gida. Sabuwa ce kaɗai ta san da ido wane gora ke wane gurbi, ita kuwa ruwan bai dawo da ita ba.

Wani magidanci mai suna Gaji ya durƙusa gabansa.

"Baba, wanne ne na mahaifina? Da hannuna nake so in rataye shi."

Babayo ya shafa wannan, ya shafa wancan, duk laka ce da santsi.

"Ɗauki kowanne, ɗana," in ji shi.