Ramin da Iliyasu Mai Rumbu Ya Toshe

A ƙauyenmu, tsakanin Bici da Kunci, idan ka ga rumbun laka a tsaye bai tsage ba, ba sai ka tambayi wanda ya gina shi ba, Iliyasu ne. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, don haka na san shi fiye da yadda yake son a san shi. Dogo ne siriri, mai manyan tafukan hannu da laka ta cinye, kuma ba ya son surutu. Ni kuwa da nake ɗaukar albasa da tumatir daga Watari zuwa Kano, bakina ne jarina. Shi ya sa zamanmu ya yi daɗi, ina magana yana gyaɗa kai.

A hannun mahaifinsa ya koyi ginin rumbu. Zai kwaɓa laka da ciyawa ya bar ta ta tsima, ya jera duwatsu a ƙasa saboda gara da danshi, sannan ya riƙa ɗora ginin zagaye bayan zagaye, ba ya ƙara wani sai na ƙasa ya sha iska. Mai gaggawa ba ya jin daɗin aiki da shi. Idan ya gama, akwai abin da yake yi wanda ban ga wani magini yana yi ba. Zai shiga cikin rumbun ya sa a rufe bakin da tabarma, ya zauna a cikin duhu yana jujjuya kai. Duk inda ya ga haske ya ratso, ko da kamar tsinin allura ne, sai ya liƙe shi. A wurinsa rami ɓarna ne, domin yau iska ce za ta shiga, gobe ƙwaro, jibi ɓera. Ko a masallaci ya ga tsaga a bango ba ya samun natsuwa sai ya dawo da laka a hannu.

Sana'ar ta mutu a hannunsa yana ji yana gani. Mutane suka koma zuba hatsi a buhu mai leda a ciki, suna jibgewa a ɗakin kwano da kwaɗo a ƙofa. Bai yi ƙorafi ba, ya koma gonarsa ta gero da gyaɗa, sunan Mai Rumbu kawai ya rage masa.

'Ya'yan da suka haifa da matarsa Luba duk mata ne, sun yi aure sun watse, in ban da ɗan farinsu Zaharaddini. Da yake ɗan fari ne, Iliyasu bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ya ce "wancan". Zaharaddini ya gama kwalejin ilimi a Bici, aikin koyarwa bai samu ba, abokansa kuma duk sun yi Abuja da Legas. Shi ma sai ya fara zancen tafiya. Uban bai ce masa zauna ba, irin wannan maganar ba ta fita daga bakinsa. Amma wata rana muna dawowa daga gona ya tsaya yana kakkaɓe fartanya, ya ce da ni ba tare da ya kalle ni ba, "Idan wancan ya tafi, gidan nan ya zama kango." Tun da nake da shi ban taɓa jin ya faɗi tsoronsa a fili ba sai ranar.

Ana nan sai Zaharaddini ya zo da shawara. Duk walima ko saukar karatu ko wa'azi da za a yi a yankinmu, sai an je Bici hayar sifika. Ya ce idan ya mallaki nasa kayan zai iya zama a gida ya ci abinci. Akwatunan sifika da aka riga aka harhaɗa sun fi ƙarfinsa, amma ya ji labarin wani mai shago a Kano da ke kawo su a kwali, an yayyanka allunan daidai, mai saye ne zai haɗa da gam. Iliyasu bai tambayi komai ba. Ranar kasuwa ya ja ɗan maraƙin da yake kiwo, ya dawo da igiya a hannu. Ni na ɗauko kwalayen biyu daga Kano a kan kwandunan tumatir da na sauke.

A zauren gidansu aka buɗe kwali ɗaya. Alluna ne masu santsi da nauyi, kowanne an tsaga masa hanya a gefe inda ɗan'uwansa zai shiga. Ba katako ba ne na gaske, garin itace ne aka matse. Zaharaddini ya nuna wa uban bidiyo a waya, wani Bature yana shafa gam yana ɗaure akwatin da dogayen ƙarafan matsewa irin na kafintoci.

"Wannan ƙarfen me yake yi?" in ji Iliyasu.

"Matsewa kawai, Baba, har gam ɗin ya kama. Sai na je Bici na aro."

Iliyasu ya tashi ya shiga gida, ya fito da tarin robar taya, irin wadda muke ɗaure kaya da ita a bayan babur. Suka jera allunan ba gam don gwaji, ya naɗe su da robar ya ja, akwatin ya tsaya cak. Zaharaddini ya yi dariya ya ce, "Wallahi Baba ka fi Baturen." Na ga uban ya sunkuyar da kai yana gyara wata roba da ba ta buƙatar gyara.

Kafin a kai ga shafa gam sai ga aikin farko ya samu. Wata Islamiyya a Watari za ta yi walimar saukar karatu, shugabanta ya ce a ba ɗan gida. Amfilifayar da ya yi oda kuwa, wato na'urar da ke ba sifika ƙarfi, ba ta iso ba tukuna, dole Zaharaddini ya tafi Kano ya jira ta. Ya bar wa uban robar farin gam, ya ce ya haɗa ɗaya kafin ya dawo, tunda robar ɗaurin ba za ta ishi biyu ba.

Na zauna a bakin zaure na kalli aikin, domin ranar ba ni da kaya. Da yatsa ya riƙa shafa gam ɗin a cikin tsagar, a hankali, bai bar wuri ko ɗaya a bushe ba. Ya sa allon ƙasa da na gefe biyu da na baya, yana buga su da tafin hannu har su zauna. Gam ɗin da ya tsatso ta gefe ya goge da jiƙaƙƙen tsumma. Ya yayyaga kwalin ya sa a kusurwoyi don kada roba ta ci bakin allo. Ya ɗauko zare ya auna daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya sake aunawa ta ɗaya ɓangaren, da ya ga sun bambanta kaɗan sai ya danna da gwiwa har suka daidaita. Na ce ya fitar da shi rana ya yi saurin bushewa, ya harare ni. Ya ce abin da rana ta busar da gaggawa tsagewa yake yi.

Da ya zo kan allon gaba sai ya tsaya. Ramuka biyu ne a jikinsa, babba a sama da ƙarami a ƙasa wanda dunƙulen hannu zai iya shiga. Babban ya gane shi, nan sifikar za ta zauna ta rufe shi. Ƙaramin ne ya dame shi.

"Wannan fa, na mene ne?" ya tambaye ni.

Na ce wataƙila wurin riƙewa ne idan za a ɗauka. Ya sa hannu ya gwada, ya girgiza kai.

"A zaure za a riƙa ajiye shi," ya ce. "Ga waya a ciki, ga soso. Ɓera zai mai da shi ɗaki. Masu yankan nan ba su san ƙauye ba."

Ya samo guntun itacen marke ya sassaƙa shi daidai bakin ramin, ya shafe da gam ya cusa, ya ƙara liƙa wani falle ta ciki. Sannan ya ɗora allon, ya ɗaure da roba ta ko'ina, ya aza dutsen niƙan Luba a kai. Akwai wani gajeren bututun roba baƙi a cikin kwalin da bai ga inda zai shiga ba, Luba ta ɗauka ta ce zai yi mata amfani wajen ɗura man gyaɗa. Da gam ya kama, ya kwance robar ya cusa kansa ta babban ramin, ya yafa bargo, ya daɗe yana dubawa. Ya fito fuskarsa a sake.

Ana gobe walima Zaharaddini ya dawo da amfilifaya, bayan azahar. Ya ɗaura sifikar, ya jona wayoyi, aka tayar da janareto. Kafin ka ce me, ƙofar gidan ta cika da mutane. Ya sa karatun Alƙur'ani, murya ta tashi har bakin rijiya. Ni a kunnena lafiya lau, har yau kuma ban canza ra'ayi ba. Amma shi sai ya ɓata rai, ya murɗa nan ya murɗa can, ya ce sautin ba nauyi, kamar mai magana da mura. Ya kai tafin hannu ƙasan akwatin inda yake sa ran jin iska, bai ji komai ba. Ya kashe karatun, ya durƙusa ya duba.

"Baba, wa ya toshe nan?"

"Ni ne. Ɓera zai shiga."

"Ta nan iska take fita! Da gangan aka bar shi, shi ke ba sautin nauyi!" Muryarsa ta ɗaga, gajiyar hanya da zumuɗin gobe duk sun hau kansa. "Baba, ba komai ne rumbu ba! An daina yayin rumbu, ka bar abin da ba ka sani ba!"

Wurin ya yi tsit, sai ƙarar janareto. Iliyasu ya ɗauki butarsa ya nufi masallaci, alhali da sauran lokaci kafin la'asar.

Da Zaharaddini ya bar akwatin yadda yake, da an yi walima an tashi ba wanda ya lura. Amma zuciya ta riga ta ɗebe shi. Ya sa sukundireba a gefen toshin ya riƙa duka da guduma. Marken ko gezau, gam ɗin ma bai saki ba. Allon ne ya gaza, ya dare daga ƙaramin ramin har zuwa babban, garin itace ya zubo ƙasa. Ɗaya akwatin yana kwali ba a taɓa shi ba, ko an haɗa shi a lokacin gam ba zai kama kafin safiya ba. Shugaban Islamiyya ya ji labari, ya buga waya Bici aka kawo masa na haya.

Asarar aikin ba ita ta kori Zaharaddini ba, wani aikin zai iya zuwa. Maganar da ya faɗa wa ubansa a gaban jama'a ce ta tsaya masa a wuya. Ya je ya durƙusa ya ba da haƙuri, uban ya ce ba komai, kuma na san har zuciyarsa ba komai ɗin. Amma yaron ya kasa haɗa ido da shi, a majalisa kuma matasa suka riƙa tsokanarsa da Mai Rumbu ƙarami. Ana gama girbi ya ɗauki amfilifayarsa ya tafi Kano, ya samu wuri a wani shagon gyaran kayan sauti a Sabon Gari. Yana kiran uwarsa a waya, yana aiko da saƙo, idan aka miƙa wa uban wayar sai su gaisa su yi zancen ruwan sama.

Bayan tafiyarsa da 'yan watanni na leƙa zauren na tarar Iliyasu ya buɗe kwali na biyu. Shi kaɗai ya yi aikin, da yatsa da tsumma da zare kamar wancan karon. Ya karɓo bututun nan daga wurin Luba, ya wanke shi da toka har maiƙon ya fita, ya gwada shi a ƙaramin ramin, ya shiga daidai. Ya ciro sifikar daga fasasshen akwatin ya ɗaura a sabon, wayoyin kuwa ya bar su a lilo don bai san inda ake jona su ba. Ya zauna yana kallon ramin a buɗe, fuskarsa kamar mai ciwon haƙori.

Ranar da zan kai albasa Kano ya tare ni a bakin hanya.

"Idan ka ga wancan," ya ce, "ka gaya masa na haɗa ɗayan. Ka ce wannan ban toshe ba."

Na same shi a shagon, kansa a sunkuye a kan wata rediyo, na isar da saƙon yadda aka ba ni. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya daɗe yana kallon titi, idonsa ya kaɗa. Sai mai shagon ya ƙwala masa kira daga ciki, ya miƙe da sauri ya shige, bai ba ni saƙon da zan kai gida ba.

Da na dawo gida Iliyasu yana zaune a ƙofar zaure, ban ko sauka daga mota ba ya taso.

"Ka gaya masa?"

"Na gaya masa."

"Me ya ce?"

"Ya ce a gaishe ka."

Ya gyaɗa kai. Ya tsaya kaɗan ko akwai saura, da ya ga babu sai ya ce sannu da hanya, ya juya ya shiga ciki.