Mazurarina da janaretan Kawu

Ƙarfe shida da kwata na safe abin ya fara lalacewa, a tashar Kano, da direba ya ɗaure akuya a jikin mazurarina.

"Direba, a hankali, na'ura ce."

"Hajiya, kwanon rufi ne dai, ko ba shi ba?"

Shi ne. Da shi na ƙera abin sauraron sama mai siffar mazurari, aikina na kammala jami'a. Manyan na'urori a hamadar wasu ƙasashe suna neman siginar iskar haidurojin ta tun kafin a kunna tauraron farko. Nawa ta kusa kawai yake ji, ta cikin taurarinmu, amma muryar iri ɗaya ce. A birni wayoyi da injina sun danne ta, ga malamina ya ce ba sigina, ba sakamako ranar Litinin. Shi ya sa na nufi ƙauyen Gwaggo Tabawa, bayan Kibiya.

Rano

A shingen shiga gari wani jami'i ya leƙa mazurarin.

"Lasifikar biki ce? Kin san an hana kiɗa."

"Ba ta magana, Malam. Saurare take yi."

"Wa take saurara?"

"Sama."

Ya yi dariya ya ce in na ji labarin damina in sanar da shi. Na ci waina a bakin kasuwa, na gyara lanƙwasar da akuya ta yi, na hau babur.

Kibiya

Da azahar na isa. Gwaggo ta dama fura, mijinta Kawu Sale kuwa ya jawo janareta ya tayar, don baƙuwa mai kwamfuta ta zo. Maƙwabta suka yi ta kawo wayoyi caji, suka jera su daf da mazurarin. Allon kwamfutata ya cika da tsalle-tsallen banza.

Ta yaya zan ce wa mijin gwaggona ya kashe abin da ya kunna don ni? Na yi shiru ranar, na yi shiru washegari har la'asar. Da na tuna Litinin sai na durƙusa gabansa.

"Kawu, da za a ɗan kashe injin."

Aka kashe, aka kwashe wayoyi. Ba a jima ba layin da ke kan allo ya daidaita, ɗan tudun siginar ya taso daidai inda littafi ya ce. Na yi ihu, ni da ba a jin muryata a aji. Gwaggo ba ta san me ya faru ba, amma ta rangaɗa guɗa.

Gida

Lahadi da magariba na sauka lafiya, alhamdu lillahi, Allah ya saka wa mutanen Kibiya. Na kira Gwaggo in ba da haƙuri, na hana su wuta a gidansu.

"Ke 'yar nan, Allah ya shirye ki! Kwana biyu Kawunki na ciwon kai da ƙarar nan, kunyarki ta hana shi kashewa."