Wanda Ba a Kai wa Saƙo Ba

Baba Aisami ba malami ba ne, ba kuma bafade ba. Ɗan lambu gare shi a kwari, bayan Gure, yana noman albasa da rogo. Amma duk wanda ya rasu nesa da gida, shi Maigari ke aikawa ya sanar da iyalinsa, ko a Bune suke, ko a Gidigir, ko a ruga. Shekara talatin yana wannan aiki, ba a taɓa ba shi ko goro ba.

Ya iya abin, wallahi. Ba ya faɗa a tsaye, ba ya faɗa a bakin ƙofa. Sai ya zauna, ya gaisa, ya tambayi dabbobi, ya lura ko mai gida ya ci abinci. In mace ce, sai ya sa an kira maƙwabciya ta zauna kusa da ita. Sannan ya yi magana da harshen gidan, Hausa ko Barbarci ko Fillanci, kuma ba ya tashi sai kukan farko ya lafa.

Ni Idi tela, rumfata na bakin kasuwa, kuma da ni aka yi abin kunyar da zan faɗa.

A farin shekarar saba'in da uku, ɗansa tilo, Bubakar, ya kora shanun dangi kudu neman ciyawa. Wata biyar shiru. Kullum Baba Aisami na tasha yana tambayar direbobin kamiyo, wato manyan motocin kaya. Ran nan wani direba ya kawo wa Maigari labari: zazzaɓi ya kashe Bubakar a hanya, har an binne shi.

To, wa zai faɗa wa Baba Aisami? Maigari ya ce liman ya fi dacewa. Liman ya ce a bari ƙanen Baba Aisami ya zo daga Bune. Ni na ce ni yaro ne. Yaro, da furfura a gemu! Gaskiyar ita ce tsoro muke ji, don ya san kowace alama, kana zama zai gane. Sai muka koma gaisuwar tsaye, muna sauri kamar masu tuwo a wuta.

A kwana na huɗu ya kawo mini farin yadi.

“Idi, ɗinka wa Bubakar riga. Damina ta kusa, yana tafe. Ka rage faɗi, na san ya rame.”

Na karɓa, na ce to, Baba. Na zauna na ɗinka ta har da aljihu. Har yau in na tuna, haushin kaina nake ji.

A kwana na tara, ranar kasuwa, ya zo karɓa. Yana tsaye a rumfata sai ga wani baƙo mai sayar da kanwa, wanda ya ji labarin a hanya. Ya kama hannunsa da zuciya ɗaya ya ce, “Baba, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Bubakar.”

A tsaye ya ji, tsakiyar kasuwa, jakuna na kuka, wata na cinikin barkono a bayansa. Bai faɗi ba. Ya amsa wa baƙon da amin, har ya yi masa godiya. Sannan ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai.

“Idi, kai ma ka sani?”

“Na sani, Baba.”

“Tun yaushe?”

“Kwana tara.”

Na ce bari in raka shi gida, mu faɗa wa Inna Zaliha, matarsa, tare. Ya girgiza kai.

“Zauna, ka yi ɗinkinka. Babu gidan da ban shiga ba saboda ku. Nawa ƙofa ɗaya gare shi, kuma a buɗe take.”

Ya tafi shi kaɗai ya faɗa wa uwar yaron.