Jinyar Hajiya Sakina

A unguwarsu a Matameye, Hajiya Sakina ce ake yi wa hassada, ita ba ta taɓa yi wa kowa ba. Tunda mijinta Alhaji Bashir ya fara cin rani a Kano yana sayar da yadi, hannunta ya manta taɓarya. Ta yi jiki, ciwon suga ya biyo baya, ta ce ciwon masu hutu ne.

Sai ga ciwon daji a ƙwan mahaifarta. A asibitin Damagaram ta tarar da Hawa, 'yar baffanta ta Kurni mai tallar albasa, ita ma da wannan ciwo. Mako ɗaya aka yi musu aiki. Likita ya ce da su duka biyun: a riƙa tattaki, a rage zaƙi, don sai ɗinki ya warke za a tura mutum Yamai, babban birni, ƙarin ruwan maganin daji, kuma ciwon ba ya jira.

To, gidan Alhaji ba a jinya da ƙafa. Aka kwantar da Hajiya kamar mai jego. Masu dubiya na shiga da kunu mai sukari da farfesu, ko buta ba a bari ta ɗaga. Ita kuwa Hawa, wa zai yi mata? Kwana goma ta fara takawa zuwa lambu.

Mako na biyar ɗinkin Sakina na nan yana ruwa. Ranar kasuwa Hawa ta yi sallama, jaka a hannu.

"Yaya, lokotoron asibiti ya sa hannu, gobe sai Yamai. Ke yaushe ne naki?"

"An ce sai ya bushe."

Sakina ta bi ta da kallo: ƙafafu duk kaushi, zane ya koɗe, amma tana tsaye cak. Hassada ta turnuƙe ta. Wai yau Hawa ce ta riga ta! Da ƙyar ta iya cewa Allah ya kiyaye hanya, kuma ta san bai fito daga zuciya ba.

Hawa na fita, Sakina ta ƙwala wa 'yarta kira.

"Anisa, miƙo mini takalmina."

Aka duba ƙarƙashin gado, aka duba bayan ƙofa. A ƙarshe cikin jakar asibiti aka same su, ƙulle a leda tun ranar da aka sallamo ta.